DARASI NA TARA: NOMA, KIWO DA KASUWA A GARIN KAN IYAKA: NAZARI A KAN MAIGATARI

9.0 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayanin noma da kiwo da fatauci a matsayin sana'o'in Hausawa na gargajiya, kowace ita kaɗai. A wannan darasi za a ɗauki gari guda, a dubi yadda sana'o'in nan suke cuɗanya da juna a rayuwar yau da kullum, da kuma yadda iyakar ƙasa take shiga tsakaninsu. Garin da aka zaɓa shi ne Maigatari, hedikwatar ƙaramar hukumar Maigatari a masarautar Gumel, wanda yake arewa da garin Gumel, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar.

Dalilin zaɓen a fili yake. Da yawa daga cikin ɗaliban da ke nazarin wannan littafi, ko daga Kafin Hausa suka fito ko daga Dutse ko Jahun, za a iya tura su koyarwa a Maigatari ko Sule Tankarkar ko Ɓaɓura ko Birniwa. Malamin da bai san abin da ke ciyar da gari ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa ajinsa ke zama fayau ranar kasuwa, ko dalilin da ya sa yaro ya rubuta masa "lakwal" a inda yake jiran ya ga "makaranta".

9.1 Yanayin Ƙasa

Sunan jihar kansa darasi ne. Jigawa a Hausa ita ce ƙasa mai rairayi da tudu, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kishiyar fadama ke nan. Mutumin Kafin Hausa ko Auyo ko Miga ya san duka biyun, domin yana da jigawar gero, yana kuma da fadamar kogin Haɗeja inda ake shinkafa da alkama da kayan lambu. Mutumin Maigatari kuwa kusan jigawar kaɗai gare shi. Damina gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne da hunturu da bazara. Saboda haka amfanin da ke karɓar ƙasar shi ne mai jure ƙishirwa: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo da kankana. Itatuwan da ido zai fi cin karo da su su ne gawo da aduwa da magarya da kuka da kalgo da sabara, sai dogon yaro da aka daddasa domin tare iska da kwararowar hamada.

9.2 Garin Ya Girmi Iyakar

Kafin zuwan Turawa babu wani layi a wannan wuri. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen tsakiyar ƙarni na 18, ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Barno take kai wa gaisuwa. Tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mutanen ɓangarorin biyu ba maƙwabta ne kurum ba, dangi ne. Ba kullum ake zaman lafiya ba, domin yaƙe-yaƙe da hare-hare tsakanin Gumel da Damagaram da Haɗeja sun cika ƙarni na 19, amma ko yaƙin ma na mutanen da suka san juna ne.

Turawan Ingila da na Faransa sun fara raba yankin a kan takarda a 1890, da layin da ya tashi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. An sake zama a 1898. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka shiga Kano da Gumel a 1903. A nan ne Faransawa suka ga cewa rabon da aka yi ya bar su da hanyar da ba ta da rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai suka nemi a turo layin kudu. An biya musu bukata a yarjejeniyar 1904, a cikin wani ciniki da ya haɗa har da haƙƙin kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can kusa da Kanada. Ɗalibi ya tsaya ya yi tunani a kan wannan: makomar gonar wani manomi a arewacin Gumel ta rataya a kan kifin da ba shi da labarinsa. Bayan wata yarjejeniyar a 1906, ayarin da Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka jagoranta ya bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 yana kafa alamomi 148. Iyakar da suka shata, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ita ce ƙasashen biyu suka gada a 1960.

Abin lura shi ne, a yankin Maigatari iyakar ba kogi ba ce, ba dutse ba ce. Fili ne shimfiɗaɗɗe, gona na bin gona. Akwai mai gida a Nijeriya da gona a Nijar, akwai mai mata daga can da 'ya'ya a nan. Wani masani Ba'amurke, William Miles, ya yi nazarin irin wannan zama a ƙauyukan Yardaji da Yekuwa na ƙasar Daura, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar, ya kuma wallafa sakamakon a 1994. Ya nuna cewa harshe da addini da auratayya sun ci gaba da haɗa mutanen, amma tsarin mulki da na makaranta da matsayin sarakuna sun bambanta su a hankali. Duk wanda ya zauna a yankin Maigatari zai ga alamun haka.

9.3 Manomi da Makiyayi

A littattafai da dama akan nuna manomi daban, makiyayi daban, kamar ba sa haɗuwa sai a wajen rigima. Wannan taƙaitawa ce da ta yi yawa. A irin wannan ƙasa kusan kowane manomi yana kiwo, Fulani da yawa kuma suna noma. Magidanci yana da shanun huɗa da amalanke, matar gida tana da awaki da tumaki a turke, waɗanda su ne bankinta: in haihuwa ta zo ko aurar da 'ya ko rashin lafiya, akuya ce ke fita kasuwa.

Shekarar manomi takan fara tun da bazara, da sharar gona da kai taki. Wasu sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari ya sauka, domin su riga lokaci. In ruwan ya yi jinkiri ko ya zo kaɗan, iri ya lalace, sai a sake. Daga nan sai noman firi da maimai, sannan girbi, a ɗaure dammuna a kai rumbu. Ba a cika shuka abu ɗaya a gona ba. Gero da wake sukan zauna tare, kuma hikimar haka ita ce in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin dabba ce mai tsada da rani. Riɗi da zoɓo su ne amfanin sayarwa, waɗanda suka maye gurbin da gyaɗa ta riƙe a zamanin dalar gyaɗa ta Kano.

Itacen gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Saɓanin sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Ke nan ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma dabbobi na ci a lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbar da ta zo shan inuwarsa takan bar kashi a gindinsa. Shi ya sa geron gindin gawo yake fin na sauran gona kyau. A tsallaken iyaka, a yankunan Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun dawo da miliyoyin irin waɗannan itatuwa tun daga shekarun 1980, ba ta hanyar dashe ba, sai ta barin tohon da ya fito da kansa a gona da yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. Wannan ilimi ne da ya kamata ya tsallako iyaka fiye da yadda ya yi.

Tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi mai sauƙi ce. Da damina makiyayi ya nisanci gonaki, ya bi burtali zuwa makiyaya da mashaya. Bayan an kwashe amfani, a saki gonaki, shanu su ci kara da karmami. Manomi kan roƙi Bafulatani ya kafa masa mashekari a gona, shanu su kwana suna zuba taki, shi kuma ya ba da dammunan gero. Matan Fulani su kawo nono da man shanu, su koma da tsaba. In dabba ta yi ɓarna, mai gari da arɗo su je su gani da ido, a yanka diyya.

Me ya raunana wannan tsari? Da farko jama'a sun ƙaru, gonaki sun cinye saura da daji, wasu burtalan kuma an nome su har sun zama siraran hanyoyin da garke ba zai bi ba sai ya taɓa shuka. Na biyu, kara da harawa sun zama kuɗi. Manomin da a da yake barin kara a gona, yanzu tattarawa yake yi ya sayar ko ya ba nasa dabbobin. Takin zamani kuma ya rage masa bukatar mashekari, ko da yake tsadarsa a 'yan shekarun nan ta sa wasu sun fara waiwayar takin gargajiya. Na uku ya shafi mutanen Kafin Hausa kai tsaye. Garkunan arewa, har da na Udawa masu tumaki, sun saba gangarowa da rani zuwa fadamun Haɗeja. Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ambaliya ke malala a fadamun, noman rani da injin ban-ruwa ya bazu, ciyawar kacalla kuma ta toshe wasu hanyoyin ruwa. Makiyayin da ya iso ya tarar da albasa da alkama a inda kakansa ya yi kiwo. Manomin kuma ya zuba jarinsa duka a wurin. Kowanensu yana da hujja, kuma malamin da ke da 'ya'yan ɓangarorin biyu a aji ɗaya bai kamata ya koyar da batun kamar labarin mai laifi da marar laifi ba.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, akwai kuma matsayar ƙungiyar ECOWAS ta 1998 da ta amince wa makiyaya su tsallaka iyaka da takardar shaidar lafiyar dabbobinsu. Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa.

9.4 Ranar Alhamis

Kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewacin Nijeriya. Tun daga Laraba baƙi suke sauka. Daga arewa ake koro shanu da raƙuma da tumaki da awaki da dawaki da jakuna, ta hanyoyin Dungas da Magarya da Damagaram. Daga kudu kuma fatake ke zuwa da manyan motoci, su yi lodi zuwa Kano da Legas da Fatakwal da garuruwan ƙasar Ibo. Wanda ya sayar da dabba ba ya komawa hannu sake. Yakan sayi hatsi da atamfa da kayan masarufi. Kanwa da dabino, waɗanda ayarin Buzaye suka saba kawowa tun zamanin zango da madugu, har yanzu daga arewa suke fitowa.

Ga mai nazarin Hausa, kara, wato ɓangaren dabbobi na kasuwa, makaranta ce. A nan zai ji sunayen irin shanu: bunaji fari, rahaji ja mai dogayen ƙahoni, bokolo mai guntun ƙaho da babban tozo. A tumaki akwai uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, da balami, da ɗan ƙasa. Zai kuma ga cewa mai dabba ba ya ciniki da bakinsa. Dillali ne ke tsayawa tsakani, ladansa kuma shi ne la'ada. Aikin dillali ya wuce sasanta farashi: shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, in magana ta taso daga baya shi za a nema. Akwai kuma fatoma, mai masaukin baƙi, wanda ke ba bafatake wurin kwana, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Miliyoyin naira suna sauya hannu a wannan fili, galibi ba da rubutacciyar yarjejeniya ba. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne suna: dillalin da ya ci amana sau ɗaya ya rasa kasuwar gaba ɗaya.

A lura da harshen cinikin. In mai saye ya taya, aka ce masa "albarka", to an ƙi tayin ne, amma da lafazin da ba zai ɓata rai ba. In an ce "an sallama", ciniki ya faɗa. Bahaushe ba ya son ya ce "a'a" ƙiri-ƙiri ga wanda zai sake haɗuwa da shi mako mai zuwa.

Kuɗi biyu ne ke yawo a kasuwar, naira da sefa, shi ya sa 'yan canji suke da muhimmanci. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, wato yuro, a kan farashi tsayayye tun 1999, naira kuwa tana hawa da sauka. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, dabbobin Nijar sun yi wa ɗan Nijeriya araha. Da naira ta faɗi a 2016, ta kuma sake faɗuwa sosai daga 2023, sai abin ya juya: makiyayin Nijar ya ga nairar da zai karɓa ba ta da auki in ya canza ta, hatsin Nijeriya kuma ya yi wa mai sefa araha. Tsoho a kara ba ya bukatar jarida kafin ya san halin da naira ke ciki.

9.5 In An Rufe Iyaka

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu domin hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya faɗa a kan mazauna garuruwan iyaka da ba su taɓa fitar da ko galan ɗaya ba. Da aka buɗe iyakoki huɗu na farko a Disambar 2020, Maigatari na cikinsu, tare da Illela da Seme da Mfum. Ba a daɗe ba, juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ECOWAS, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar, a watan Mayu na shekarar kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin babbar salla.

Rufe iyaka irin wannan ba ya tsayar da zirga-zirga, tsadarta yake ƙarawa. Babbar mota ta tsaya, babur da amalanke su bi ta gonaki. Wanda ya fi jin jiki shi ne ƙaramin mai nema: ɗan dako, mai tallar abinci, yaron da ke riƙe igiyar sa a ba shi na goro. Yankin ciniki marar haraji da aka kafa a Maigatari zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki an yi shi ne da fatan cinikin iyaka zai bi ta ƙofa, amma irin wannan shiri ba ya tsayuwa sai ƙofar tana buɗe.

9.6 Hausar Kan Iyaka da Aikin Malami

Hausar Nijeriya ta ari kalmomin zamani daga Ingilishi, ta Nijar kuma daga Faransanci. A garin iyaka duka biyun suna raye a baki ɗaya. Ga kaɗan: kwastan a nan, duwan a can, malamin makaranta a nan, mushe a can, makarantar boko a nan, lakwal a can. Akwai masu ruɗarwa. Biro a Nijeriya abin rubutu ne, a Nijar kuwa ofis ne, abin rubutun kuma bik. Lissafin kuɗi ma haka. Dala a Nijar sefa 5 ce, don haka dala ashirin sefa 100 ke nan, jaka kuma sefa 1,000, alhali tsofaffin 'yan kasuwar Kano sun san jaka a matsayin naira 200. A rubutu, ƙasashen biyu sun yi zaman daidaita ƙa'idoji a Yamai a 1980, amma har yanzu abin da muke rubutawa 'ya'ya, su da harafi mai lanƙwasa suke rubuta shi. Tun Maris na 2025 kuma Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa sabon kundinta, abin da zai ƙara wa rubutacciyar Hausar can nauyi.

Yaya malami zai yi da yaron da ya rubuta "duwan"? Kuskuren da sababbin malamai suka fi yi shi ne su ja jan biro su rubuta "ba Hausa ba ce". Hausa ce, kuma asalinta bai fi na "kwastan" zama baƙo ba. Abin da ya dace shi ne a nuna wa yaro cewa jarrabawa tana neman daidaitacciyar Hausa, a ba shi kalmar da ake so, a kuma rubuta tasa a allo kusa da ita domin sauran yara su ƙaru. Yaron da aka kunyata a kan harshen gidansu yakan daina magana a aji, wanda kuwa ya daina magana ba a jima ba zai daina zuwa.

Haka batun ranar kasuwa. Yaran da ke ɓacewa ranar Alhamis ba duka ne malalata ba. Wasu abin da suka samo a ranar shi ne cefanen gidansu na mako. Bulala ba ta magance wannan. Malami mai dabara ba ya sa gwaji ko sabon darasi mai wuya a ranar, yakan kuma zauna da iyaye da mai unguwa a nemi matsaya, ko da ta yaro ya halarci darussan safe kafin ya tafi. Ga 'ya'yan makiyaya akwai makarantun da ke ƙarƙashin hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, sai dai yaron da garkensu ya tashi a tsakiyar zangon karatu yana bukatar malamin da zai karɓe shi in ya dawo, ba wanda zai ce an cire sunansa daga rajista ba.

9.7 Aikin Yi

1. Ziyarci kara mafi kusa da kai ranar kasuwa. Tattaro kalmomi 20 da suka shafi launi da shekaru da siffar dabbobi, ka bayyana ma'anar kowace kamar yadda dillalai suka faɗa maka.

2. Sunan Maigatari ya ƙunshi "mai" da "gatari", na Kafin Hausa kuma "kafi" da "Hausa". Kawo sunayen garuruwa biyar na jihar Jigawa, ka fayyace ƙirarsu, sannan ka tambayi dattawan ɗaya daga cikinsu labarin kafuwarsa.

3. Wani manomin fadama da wani Ba'ude sun kawo ƙara gaban mai gari a kan ɓarnar albasa. Rubuta muhawarar da za ta gudana, ka ba kowanensu hujjar da ta fi ƙarfi, cikin harshen da ya dace da zaman fada.

4. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan kalmomin aro, wanda zai yi amfani da Hausar da yaran garin iyaka suka zo da ita daga gida.